Na Yi Suna a Shiri Ɗaya, Yanzu Wane Rol Zan Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Darakta. Ni matashi ne ɗan shekara 23. Shiri ɗaya na yi mai dogon zango a YouTube, na fito a ɗan daba mai ban dariya, Allah ya sa ya karɓu. Yanzu ko kasuwa na shiga da sunan cikin shirin ake kirana, ga shi kuma an ce zango mai zuwa ne na ƙarshe. Furodusoshi biyu sun neme ni, kowanne ɗan daban yake so in sake yi masa, kuma kuɗinsu da ɗan kauri. Na uku wani darakta ne da ake ganin girmansa, amma rol ɗin ƙarami ne, malamin firamare mai shiru-shiru, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mahaifina kuma yana so in koma in ƙarasa difiloma. Wallahi barci ma ya fara gagarata. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa ɗaukakar albarka.

Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, don na san 'yan zamaninku ba ku da haƙurin dogon karatu a waya. Ka karɓi rol ɗin malamin. Cikin 'yan daban nan biyu ka ɗauki ɗaya, wanda ke da rubutu a hannu kuma zai ba da kafin alƙalami. Ɗayan ka taka har ofishinsa ka ba shi haƙuri, kada ka yi ta waya, zuwa da kai ya fi aike. Makaranta kuma ka koma. Sauran abin da zan faɗa dalilai ne, kuma za su fi amsar yi maka amfani, domin baɗi wasu furodusoshin ne za su kira ka da wasu rol ɗin daban, ni kuma ba lallai ka same ni ba.

Mu fara da sunan nan da ake kiranka da shi a kasuwa. Na waye?

A harkar nan iri biyu ne sunan da ke haɗiye sunan yanka. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya ɗauko abin da ya gani a bariki ya gina rol ɗin Samanja, ya yi ta yinsa a rediyo da talbijin a Kaduna shekara da shekaru, har ya rasu a 2023 mutane da yawa ba su san sunansa na gaskiya ba. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa, shi ma Ibro ya rufe sunansa ruf. Amma ka duba da kyau. Ibro nasa ne. Duk kamfanin da ya je da abinsa yake tafiya, sunan ma shi ake liƙawa a gaban sunan fim don kaset ya sayu. Babu furodusan da zai iya cire Rabilu ya kawo wani ya ce ga Ibro, masu saye su yarda. Da ya rasu a Disambar 2014 tare suka tafi. Irin wannan mutum in an ce ya maƙale a rol ɗaya, ai a gonarsa ya maƙale.

Naka ba haka yake ba. Marubuci ne ya raɗa shi, mai tashar YouTube ɗin ne ya mallake shi, kai an ɗauke ka ne ka saka shi. Ranar da aka rufe shirin, ko kuka saɓa a kan kuɗi, sunan zai zauna a inda aka haife shi. Duk mai kallon shirin Labarina ya ga yadda Nafisa Abdullahi ta bar rol ɗin Sumayya, Fati Washa ta ɗauka, shiri ya ci gaba. Ban ce wani ya yi laifi a cikinsu ba, tsarin shiri mai dogon zango ke nan a ko'ina: rol na gida ne, ɗan wasa baƙo. Kuma ita Nafisa jaruma ce da ta yi sunanta na kanta shekaru kafin shirin, ta fita da abinta. Kai in ka fita yau da me za ka fita? Kayan aro ba ya rufe katara.

Su furodusoshin biyu da suka kira ka, ba kai suke nema ba tukuna. Wancan ɗan daban suke nema, kuma da yake ba za su iya sayen sunansa ba, sai su sayi fuskar da ke ɗauke da shi. Kada wannan ya ɓata maka rai. Kasuwanci ne, ni ma in da kuɗina ne a ciki ƙila haka zan yi. Amma ka san abin da ake saye a wurinka, don ka san yadda za ka sayar.

Rashin barcin da kake yi kuwa ba rashin tawakkali ba ne. Sana'ar ce ba ta da tabbas, kuma gara da ka gane haka kana 23. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kasuwar nan ba ta taɓa zama wuri ɗaya ta miƙe ƙafa ba. An yi zamanin kaset, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke da wuƙa da nama: su ke cewa in babu wane a fosta ba za su ɗauka ba, su ke cewa a ƙara waƙa. Aka koma faifan sidi. Daga nan satar fasaha, da finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, da masu tura fim a waya a kan 'yan canji, suka taru suka durƙusar da kasuwar faifai. Aka leƙa sinima, ba ta ɗauki kowa ba. Tashar talbijin ta Arewa24 ta buɗe a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango, sannan wajen 2020 kowa ya kwarara YouTube. A kowace juyawa an bar mutane a baya, kuma ba don sun manta wasa ba. Akwai jaruman da a zamanin rawa da waƙa hotonsu kaɗai ke sayar da fim, da aka koma shirin da ke son mai iya riƙe magana mako bayan mako, sai wayarsu ta daina ƙara.

Ga kuma abin da ba kasuwa ba. A 2007, bayan wata badaƙala da ba sai na tono ta ba, an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, wasu suka tattara suka koma Kaduna, wasu har gidan yari. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a lokaci guda, ciki har da manyan da kowa ya sani, a kan batun kai su tacewa kafin a saki. Ɗan wasan da ke cikinsu ba shi ya ƙi kaiwa ba, amma shi ma zaman jiran ya shafe shi.

Sai maganar kuɗi, wadda matasa ba sa son a yi da su a fili. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyo. Mai tasha na ce, ba ɗan wasa ba. Kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano ko Maraɗi ba ta kai kuɗin wadda aka nuna wa Bahaushen da ke zaune a Jidda ko Landan ba, don haka adadin masu kallon da ke ƙarƙashin bidiyo ba shi ne kuɗin da mutanen unguwarku ke lissafa maka ba. Kai sau ɗaya aka sallame ka. Shirin zai ci gaba da ɗigo wa mai shi kuɗi shekaru, ba ka da sisi a ciki. A farkon 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda ta faro tun zamanin wasannin talbijin, ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu furodusoshi suka musanta, wasu suka ce a kan sin ɗaya ko biyu, wato fitowa ɗaya ko biyu a fim, ake ba da haka. Ko ma wa ke da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: mace ce da kusan kowane gidan Hausa ya san fuskarta, ga shekaru masu yawa a harkar, amma sanin fuskar bai zama ajiya ba. Wannan sana'a ba ta da fansho.

To yanzu mu zo kan zaɓen rol, wanda shi ne ainihin tambayarka.

Kafin komai ka ce su turo maka rubutun. Ba labari a baki ba, sikirif, ko da na kashi uku na farko ne. Wanda ya ce maka "ai kai gwani ne, in mun je lokeshan za ka gane," ba shi da rubutu, da bakinka yake so ka rubuta masa shirin kyauta. Na sha ganin irin wannan aiki. An tara mutane a gidan haya tun hantsi, janareta na ta ƙugi, mai kyamara ya kafa fitilu, la'asar ta kawo jiki ana tsoron rana ta faɗi, sai darakta ya ja ɗan wasa gefe ya ce, "Za ka shigo ka tarar da ita tana waya, sai ka yi mata masifa, ka gane ai. Akshin!" Wanda ba a ba shi komai ba me zai yi? Dole ya koma ga abin da ya san yana ba mutane dariya: karkace hular nan, jan muryar nan, kalmar nan da yara ke maimaitawa a layi. Tek ɗaya, wato ɗauka ɗaya, an wuce, kowa ya tafa. Ka yi haka a shiri uku a jere, masu kallo za su haddace ka, kuma wanda aka haddace ba a ɗokin ganinsa. Ba rol ɗin ɗan daba ne ke ƙarar da ɗan wasa ba, rashin rubutu ne.

In rubutun ya zo, ka zauna da biro. A gefen kowane sin naka ka rubuta abin da mutumin yake so a wannan lokacin, da kuma a wurin wa yake so. In ka ga kana rubuta abu ɗaya daga farko har ƙarshe, ko ka rasa abin rubutawa sai "ya zo ya ba da dariya," to ba mutum aka ba ka ba, kayan ƙawa ne. Sannan ka gwada cire shi daga labarin a zuciyarka. In labarin ya tafi lafiya lau ba shi, ka sani edita ma zai iya cire shi ranar da kashi ya yi tsawo. Ni ban damu da yawan sin ba. Na fi son sin shida da labari ya rataya a kansu a kan arba'in na tsayuwa bayan bos ana riƙe da gora. Ka duba kuma ko mutumin yana da abin da yake tsoro, ko wanda yake jin kunya, ko bashin da ke hana shi sakewa. Ɗan daban da ke ɓoye sigari in ya hango ƙanin mahaifiyarsa, wannan mutum ne, akwai abin wasa a cikinsa. Wanda tun sin na farko har na ƙarshe zare ido kawai yake yi, ko wa ka ɗauko a bakin titi zai iya.

Cikin biyun nan, wanda ya ci wannan jarrabawa shi za ka ɗauka. Kuma ka ɗauka da sharaɗin ba za ka maimaita hular da muryar da kalmar wancan ba. Ka sauya tafiyarsa, ka sauya yadda yake fushi. Wancan in mai surutu ne, wannan ya zama wanda ba ya ɗaga murya. Furodusa zai ɗan ja, domin tsohon yake so, amma in ka nuna masa a gwaji cewa sabon ma yana ba da dariya zai sauko.

Me ya sa ban ce ka ƙi duka biyun ba? Domin ban yarda da shawarar da wasu 'yan boko ke ba matasa ba, cewa daga an san ka da abu sai ka guje shi. Masu kallon da suka so ka a wannan rol su ne jarinka kaɗai a yau. Ba a wulaƙanta su. Kuma mai yunwa ba ya zaɓen rol. Wanda kuɗin haya ya taso masa ko me aka miƙo karɓa zai yi, shi ya sa nake so kuɗin ɗan daban nan ya zama shi zai saya maka ikon cewa a'a nan da wata shida. Kada ya zama kuɗin sabuwar waya.

Me ya sa kuma ban ce ka karɓi duka biyun ba, tunda kuɗi ne? Ban da haddacewar da na faɗa, akwai dalilai biyu na wurinmu. Na ɗaya, a 2024 hukumar tace finafinai ta Kano ta sanar da hana finafinan da ke tallata daba. Wanda duk abincinsa ya rataya a kan rol ɗin da hukuma ta sa wa ido, sanarwa ɗaya ta isa ta zaunar da shi. Na biyu, mutanenmu da yawa ba sa raba ɗan wasa da abin da ya fito a ciki. Duk wanda ya daɗe yana fitowa a mugu ya san zagin da ake yi masa a tasha, da tsohuwar da za ta tare shi ta ce ya ji tsoron Allah. Dariya ake yi a lokeshan in ana ba da irin wannan labari, amma ranar da magabatanka za su je neman maka aure ba dariya ba ce. Kakar yarinyar ba ta san wani sikirif ba, abin da ta gani a waya ta sani.

Rol ɗin malamin kuwa, ba don a ce ka yi rol na mutunci nake so ka karɓa ba. Don zai ba ka wahala ne. Ɗan daba mai ban dariya yana ɓoye wa ɗan wasa aibinsa: hayaniya da motsi da kalmomin tasha suna rufe wurin da ba ka iya ba. Mai shiru-shiru ba shi da wurin ɓuya. Kyamara za ta matso fuskarka, wani yana magana, kai sauraro kawai aka ce ka yi, kuma a nan ake gane ɗan wasa. Yawancin matasanmu ba sa sauraro, jira suke ɗayan ya gama su faɗi nasu, kana ganin layin na gaba yana yawo a idonsu.

Akwai wata dattijuwa da na taɓa aiki da ita, sin ɗinta 'yan kaɗan ne. Uwa ce aka zo gaya mata an kama ɗanta. Rubutun cewa ya yi ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Sai ta roƙi a ba ta tire da shinkafa, ta zauna a tabarma tana tsinta. Da mai kawo labarin ya faɗa, ba ta ɗago ba. Hannun ne ya tsaya. Can ta ci gaba da tsintar, amma yanzu ƙwayar shinkafar take jefarwa ƙasa tana barin tsakuwar a tire, ba ta ma san tana yi ba, ko in ce ta sa mu yarda ba ta sani ba. Ba ta ce uffan ba har aka ce kat. Wannan ba a koyonsa a lokeshan ɗin "ka gane ai." Sai a hannun daraktan da zai tsaya ya ba ka tek biyar, ya gaya maka abin da bai yi ba a na huɗu.

Ga wata riba da ba a rubuta ta a yarjejeniya. A masana'antar nan ba kasafai ake kiran gwaji a fili ba. Rol yana zuwa ne ta bakin wanda ya gan ka kana aiki: mai kyamara, mai kwantiniti da ke lura kada sin ya saɓa da na baya, mataimakin darakta da baɗi zai zama darakta. Babban darakta da ƙwararrun ma'aikata yake yawo. In suka ga ka zo a kan lokaci, ka haddace layinka, ka zauna jiran sin ɗinka ba ka kumbura ba, maganarka za ta kai ofisoshin 'yan fim na Titin Gidan Zu a Kano da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. In kuma suka ga akasin haka, ita ma za ta kai, har ta fi sauri.

Ka dubi Ali Nuhu. Fim ɗin Sangaya ya ɗaga shi a matsayin saurayin soyayya, da ya so da ya zauna nan har a daina yayinsa. Sai ya ratsa Kudu ya shiga finafinan Turanci, inda ba wanda ya damu da tashensa na Kano, har ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA ta jarumi mai tasowa a 2007 da fim ɗin Sitanda, alhali a gida ya daɗe da zama babba. Ya riƙe kamfaninsa na FKD, ya koma bayan kyamara, ya yarda ya fito a uban yaran da shi ya kawo su harkar. A Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Ba cewa nake kowa zai bi wannan hanya ya isa inda ya isa ba, akwai rabo a ciki. Abin lura shi ne lokacin da yake sauyawa: tun ana yayinsa, ba bayan an daina ba.

Mu da muka tashi da kallon Indiya mun ga ɗaya gefen. Rajesh Khanna ya jera finafinai 15 da suka ci kasuwa tsakanin 1969 da 1971, har yau ana ba da labarin. Sai a 1973 wani dogon saurayi da finafinansa na baya suka yi ta faɗuwa, Amitabh Bachchan, ya karɓi rol ɗin ɗan sanda mai fushi a Zanjeer, rol ɗin da manyan jarumai suka ƙi. Ɗanɗanon masu kallo ya juya daga soyayya zuwa faɗa, Khanna bai sake komawa inda yake ba. Shi kansa Amitabh a ƙarshen shekarun 1990 bashi ya yi masa katutu bayan kamfaninsa ya durƙushe, sai a 2000 ya farfaɗo, ta hanyar gabatar da shirin kacici-kacici a talbijin da karɓar rol ɗin dattijo. In irin waɗannan ba su tsira daga juyin kasuwa ba, kada ka ɗauka wani abu ne ya same ka kai kaɗai.

Akwai abubuwan da tashe ke jawowa waɗanda ba rol ba ne amma suna cin mutum fiye da mummunan rol. Za a kira ka gala da Sallah, har Yamai ko Damagaram ko zangon Kumasi. Ka je in tsarin mai kyau ne, amma a biya kafin ka hau mota. Za a kawo maka talla: turare, atamfa, wannan ba laifi. Maganin da ba ka san abin da ke ciki ba, da masu cewa a zuba kuɗi a ninka cikin wata, ka guje su, domin ranar da abin ya fashe mai shi ba a san fuskarsa ba, taka aka sani. 'Yan siyasa ma za su zo in zaɓe ya matso. Ba zan ce maka haram ba ne, manyanmu da yawa sun shiga, amma ka tuna masu kallonka suna cikin kowace jam'iyya, kuma sunanka bai yi ƙwarin da zai jure a raba shi biyu ba. Sai abokai sababbi da za su kewaye ka suna kiranka oga. Ka lura da wanda ke iya ce maka sin kaza bai yi kyau ba, shi ka riƙe.

Batun ubangida kuma, harkar nan da shi take tafiya, ba na musu. Kusan kowa yaron wani ne. Ka girmama wanda ya fara saka ka a shiri, ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a waje cewa za ka yi aiki da wasu. Amma kada ka gaji faɗan da ba naka ba. In an ce kada ka gaisa da wane don ba sa shiri da oga, ka gaisa. Su za su shirya a wurin wani biki, a bar ka da gabar.

Mahaifinka yana da gaskiya, ko da dalilinsa ba irin nawa ba ne. Shi wataƙila yana ganin fim ba sana'a ba ce. Ni na san sana'a ce, na ci na sha a cikinta, amma sana'a ce mai gibi: wata uku kana lokeshan ba hutu, wata biyar kana kallon waya. Gibin nan shi ke tura matasa ga shaye-shaye da roƙo a kafafen sada zumunta. Makaranta za ta cike shi, kuma rol ɗin malamin da ƙanƙantarsa ba zai hana ka aji ba, in ka nemi a tara maka sin ɗinka a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Daraktoci suna yin haka ga wanda ya faɗa da wuri. In ka gama difilomar kana son zurfafa a harkar, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Ko ba ka je ko ɗaya ba, ka koyi abu guda a bayan kyamara, rubutu ko tace hoto ko haɗa sauti. Edita mai kyau ba ya rasa aiki don fuskarsa ta tsufa. Kuma in za ka gaya wa Baba shawarar da ka yanke, kada ka fara da fim. Ka fara da ranar da za ka koma rajista, sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Abu na ƙarshe, duk wanda za ka yi wa aiki cikinsu, har babban daraktan, a rubuta. Ba sai da lauya ba in abin bai kai nan ba, takarda ɗaya ta isa, ko saƙon waya da kowa ya amsa: kashi nawa ne, kwana nawa za ka yi a lokeshan, nawa ne kuɗin, nawa za a bayar kafin a fara, yaushe za a cika sauran, wa ke da abinci da masauki da kuɗin mota, da abin da za a ƙara in aiki ya zarce kwanakin da aka ce. Ka tambaya kuma ko za a yanka sin ɗinka a riƙa sakawa daban a matsayin gajerun bidiyo, domin yanzu wannan ma hanyar kuɗi ce. Za a ce maka "haba, tsakaninmu?" Ka yi murmushi ka ce don kada ka manta ne. Ka tabbata kuma rajistarka da hukumar tace finafinai da ƙungiyar 'yan wasa tana nan daram kafin ka fita lokeshan na gaba.